Sake Fitar Da Tsofaffin Fayafan Rok: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓe Kuɗi?

Akwai wata sana'a da ta bunƙasa a Turai da Amurka tun daga farkon shekarun 1990, wadda ba kasafai ake tattauna ta a shafukan jaridunmu ba, wato sana'ar tono tsofaffin fayafan waƙa da kasuwa ta yi watsi da su, a wanke sautinsu, a ɗinka musu sabuwar riga, a sake gabatar da su ga jama'a. Cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan sana'a har da wasu fayafan kiɗan rok da aka naɗa tsakanin 1970 da 1974, waɗanda a zamaninsu wasu ba su yi kasuwa ba sam, wasu kuma sun yi kasuwar amma kuɗin bai shiga aljihun masu su ba. Ra'ayina a kan wannan lamari shi ne, sake fitar da irin waɗannan fayafai ya biya waƙoƙin bashin da duniya ta ci musu, amma har yanzu mawaƙan da iyalansu ba su gama karɓar nasu bashin ba. Kuma ina ganin da ma'aunin wannan bashi na biyu ya kamata a auna kowane faifai da aka sake fitarwa, kafin a tsaya yabon kyan kwalinsa.

Da farko dai bari mu san irin kiɗan da ake magana a kai. Salo biyu ne 'yan uwan juna, kuma dukkansu jikokin ƙungiyar Beatles ne ta birnin Liverpool, wadda ta watse a 1970. Na farko shi ne wanda masu sharhi ke kira barok-pop, inda ake ɗauko kayan kiɗan gargajiyar Turai, irin su goge ƙanana da manya da wani kakan fiyano mai suna hafsikod, a saƙa su cikin gajeriyar waƙar zamani. Ƙungiyar Left Banke ta birnin New York na cikin waɗanda suka share wannan hanya a 1966. Na biyu shi ne pawa-pop, wato pop mai ƙarfi, sunan da Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya fara furtawa a 1967: waƙa ce ta minti uku ko kusa da haka, mai zaƙin kari da haɗin muryoyi, amma jita da ganguna na dukanta da ƙarfi. Matsalar waɗannan salo biyu ita ce sun zo a makare. A farkon shekarun 1970 kunnen matasan Turai da Amurka ya karkata ga kiɗa mai nauyi da dogayen waƙoƙi, sai aka riƙa yi wa masu gajeriyar waƙa mai zaƙi kallon waɗanda zamani ya bari a baya.

Mu ɗauki ƙungiyar Big Star ta birnin Memfis a jihar Tennessee. Matasa huɗu ne, Alex Chilton da Chris Bell da Andy Hummel da Jody Stephens. Shi Chilton tun yana ɗan shekara 16 ya riga ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin Amurka tare da ƙungiyar Box Tops a 1967. A 1972 suka fitar da faifansu na farko mai suna #1 Record a ƙarƙashin ƙaramin kamfanin Ardent. Masu sharhi a mujallu sun yaba matuƙa, amma mai son saye sai ya je kanti ya tarar babu. Dalili kuwa shi ne kamfanin Stax da ke da alhakin rarraba faifan ya ƙware ne a kasuwar kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, kuma a daidai lokacin ya ƙulla yarjejeniyar rarraba kaya da babban kamfanin Columbia, yarjejeniyar da ba ta daɗe ba ta yi tsami. Faifai na biyu, Radio City na 1974, shi ma ya maƙale a cikin wannan rikici. Stax ya durƙushe a 1975. Faifai na uku da aka naɗa a 1974 bai ga hasken rana ba sai 1978, kuma a watan Disambar wannan shekara Chris Bell ya rasu a haɗarin mota yana da shekara 27, bayan ya koma aiki a gidan abinci na danginsa. Chilton kuwa akwai lokacin da ya koma wankin kwanuka a birnin New Orleans.

Mai karatu ya lura, babu inda jama'a suka saurari waɗannan fayafai suka ce ba sa so. Hukuncin da aka ce kasuwa ta yanke, a gaskiya rumbun ajiya da motar dakon kaya ne suka yanke shi. A nan ne sake fitarwa ta yi aikin da ya cancanci yabo. A 1978 an haɗe fayafan biyu na farko aka fitar a Ingila. A 1992 aka sake fitar da su a faifan sidi guda, kamfanin Rykodisc kuma ya fitar da na ukun tare da waƙoƙin da Bell ya bari, a ƙarƙashin sunan I Am the Cosmos. Shekara guda bayan haka ɗalibai a Jami'ar Missouri suka gayyaci ƙungiyar ta dawo dandali, ta kuwa dawo. A 2003 mujallar Rolling Stone ta sanya fayafan nan uku cikin jerin fayafai 500 mafiya daraja. Da gaske ne da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai a duba ƙarshen labarin: kamfanin Rhino ya fitar da ƙaton kundi mai faifai huɗu, Keep an Eye on the Sky, a 2009, Chilton ya rasu ranar 17 ga Maris, 2010, Hummel ya bi shi bayan wata huɗu, lambar yabo ta Grammy da kundin ya samu kuwa an ba da ita ne saboda bayanin da aka rubuta a cikin kwalinsa.

Labarin ƙungiyar Badfinger ya fi wannan ɗaci, domin su kasuwa ba ta ƙi su ba. Suna ƙarƙashin kamfanin Apple na Beatles ne, Paul McCartney ya rubuta musu waƙar da ta fara fito da su, George Harrison kuma ya sa hannu a aikin faifansu Straight Up na 1971. Biyu daga cikinsu, Pete Ham ɗan garin Swansea da Tom Evans ɗan Liverpool, su suka rubuta waƙar Without You da ke cikin faifan No Dice na 1970, wadda Harry Nilsson ya kai matsayi na ɗaya a Amurka da Birtaniya a 1972, Mariah Carey kuma ta sake zagaya duniya da ita a 1994. Waƙa irin wannan ita kaɗai ta isa ta riƙe gida har jikoki. Amma da suka koma kamfanin Warner, sai wasu kuɗi da aka ajiye a asusun amana a hannun manajansu Stan Polley aka neme su aka rasa. Kamfanin ya garzaya kotu, ya kuma janye sabon faifansu Wish You Were Here daga kantuna 'yan makonni bayan fitowarsa a ƙarshen 1974. Pete Ham ya wayi gari babu kuɗin shiga, ga bashin gida, ga haihuwa ana jira. Ya kashe kansa ranar 24 ga Afrilu, 1975, kwana uku kafin ya cika shekara 28. Tom Evans ya bi wannan mummunar hanya a watan Nuwamban 1983, ana tsakiyar jayayya kan rabon kuɗin waƙoƙin nan. Fayafansu na Apple sun daɗe babu su a kasuwa saboda shari'o'in da suka dabaibaye kamfanin, sai a farkon shekarun 1990 aka fitar da su a sidi, aka sake wanke su a 2010. Da aka rufe shirin talabijin na Breaking Bad da waƙarsu Baby Blue a 2013, sai ga ta ta dawo kasuwa tamkar sabuwa, shekara 38 bayan rasuwar wanda ya rubuta ta.

Misali na uku shi ne Emitt Rhodes na garin Hawthorne a jihar Kalifoniya, wanda ya tsaya a tsakanin salon biyu. Wannan matashi ya kafa na'urar naɗar sauti a garejin gidan iyayensa, ya kaɗa kowane kayan kiɗa da hannunsa, ya rera kowace murya da bakinsa, ya fitar da faifai mai ɗauke da sunansa a 1970, wanda ya kai matsayi na 29 a jadawalin Billboard. Amma yarjejeniyar da ya sanya wa hannu da kamfanin Dunhill ta wajabta masa faifai shida cikin shekara uku, wato faifai guda duk wata shida, alhali mutum ɗaya ne ke aikin mutum biyar. Da ya kasa cikawa sai kamfanin ya kai shi ƙara yana neman dala 250,000, ya kuma riƙe masa kasonsa. Bayan faifansa na 1973 ya yi shiru, bai kai shekara 25 ba. A 2009 aka tattara ayyukansa aka sake fitarwa, sabbin masoya suka kewaye shi, har ya fitar da sabon faifai mai suna Rainbow Ends a 2016, bayan shekara 43. Ya rasu a 2020. Ko ba komai ya ji yabonsa da kunnensa, amma babu kwalin da zai mayar masa da shekarun nan arba'in da uku.

To, ina kuɗin sabon faifan ke tafiya? Wannan ita ce tambayar da lauyoyi da akantoci daga cikin masu karatu za su fi gane zurfinta. Kowace waƙa da aka naɗa tana da haƙƙin mallaka iri biyu. Akwai haƙƙin rubutun waƙar da karinta, wanda marubuci ke rabawa da kamfanin da ke kula masa da ita. Akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa a uwar tef, wanda a yarjejeniyoyin wancan zamani kusan koyaushe na kamfanin faifai ne. Idan kamfani ya durƙushe, uwar tef ɗin sai ta zama kadara kamar fili ko mota, a sayar wa wani. Haka kadarorin Stax suka koma hannun kamfanin Fantasy a 1977, shi kuma Fantasy ya koma hannun Concord a 2004. Haka na Dunhill suka bi ta hannun ABC da MCA har suka tsaya a Universal. Ƙaramin kamfanin da ke son sake fitar da faifai yakan biya mai riƙe da uwar tef ne ya karɓi izini. Shi kuma mai riƙon sai ya buɗe tsohon littafin lissafi, ya ware wa mawaƙi ɗan kason da aka rubuta shekara hamsin da suka wuce, sannan ya cire daga ciki kuɗin kafin alƙalami da kuɗin ɗakin naɗi da aka rubuta masa a matsayin bashi. Mawaƙin da faifansa bai yi kasuwa ba a 1972 yana iya kaiwa tsufa littafin na nuna shi ake bi. Masu goge da aka ɗauko haya suka ƙawata fayafan barok-pop kuwa, galibi kuɗin yini aka sallame su da shi, shi ke nan.

Adalci ne in faɗi cewa an samu gyara, ko da yake a makare. Tun daga watan Nuwamban 2013 Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai suka tsawaita wa'adin haƙƙin mallakar sauti daga shekara 50 zuwa 70, tare da sharuɗɗa masu ma'ana: a cikin ƙarin shekaru ashirin ɗin ba za a ci gaba da cire tsohon bashi daga kason mawaƙi ba, za a ware kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga ga makaɗan haya, kuma idan kamfani ya ƙi fitar da faifai kasuwa mawaƙi na iya ƙwace haƙƙinsa. Fayafan 1971 sun shiga wannan zango a 2022. A Amurka kuwa, dokar tarayya ba ta kare sautin da aka naɗa kafin 15 ga Fabrairu, 1972 ba, sai da aka yi sabuwar doka a 2018. A 2021 kamfanin Sony ya ba da sanarwar daina la'akari da tsohon bashin mawaƙan da suka sanya hannu kafin shekarar 2000 kuma ba su sake karɓar kuɗin kafin alƙalami ba tun daga lokacin, Warner da Universal suka bi sahu a 2022. Duk wannan abin a yaba ne, amma ga Ham da Evans da Bell da Chilton da Rhodes, ihu ne bayan hari.

Na san za a ce mini na matsa wa masu sake fitarwa, alhali ba su suka rubuta waɗancan yarjejeniyoyi ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Kamfanoni irin su Rykodisc da Sundazed da Omnivore masoya kiɗa ne suka kafa su, kuma sukan zuba kuɗi a faifan da ba lallai ya sayar da kwafi dubu kaɗan ba. Ba don su ba, da wasu tef-tef sun ruɓe, domin akwai irin tef na shekarun 1970 da yakan yi danƙo har sai an ɗumama shi a tanda kafin a iya juya shi. Gobarar da ta tashi a rumbun Universal a Hollywood ranar 1 ga Yuni, 2008, wadda sai a 2019 jaridar New York Times ta fallasa girmanta, ko da yake kamfanin ya musanta yawan asarar da aka ambata, ta nuna cewa abin da ba a kwafa aka watsa ba yana iya ƙarewa a dare ɗaya. Akwai kuma waɗanda suka rayu suka ci moriya. Colin Blunstone na ƙungiyar Zombies, wanda ya taɓa komawa aikin akawu a kamfanin inshora, ya fitar da One Year a 1971, faifan da goge ya mamaye fiye da jita. Ya ga an karrama ƙungiyarsa a zauren fitattun mawaƙan rok a 2019, ya kuma ga Sundazed ya sake fitar da faifan a 2021 da ya cika shekara hamsin. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya buga labarin wahalar mawaƙi a bangon kwali domin ya ja hankalin mai saye, ya ɗauki nauyin tabbatar da cewa wani abu ya isa gidan mawaƙin.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata a nema daga kowane mai wannan sana'a. Abu na farko, ya nemi mawaƙin ko magadansa kai tsaye, ya ware musu kaso daga ribarsa ko da doka ba ta tilasta masa ba, ya kuma bayyana haka a jikin faifan yadda mai saye zai gani. Abu na biyu, ya girmama nufin mai aikin. An fitar da gwaje-gwajen waƙoƙin da Pete Ham ya naɗa a gida a 1997, an kuma fitar da kusan duk abin da aka naɗa a zaman faifan Big Star na uku a kundi mai faifai uku a 2016. Ga mai nazari wannan taska ce, amma ɗanyen aikin da mutum bai ga damar nunawa ba amana ce, kuma sai da yardar magada da bayani a fili cewa gwaji ne ya kamata a taɓa shi. Abu na uku, ya bar sautin yadda masu shi suka tsara. An yi zamanin da injiniyoyi ke matse sauti domin ya yi ƙara, har bambancin da ke tsakanin raɗa da tsawa ya ɓace. Faifan da aka gina a kan lallausan goge ba ya jure wannan. Abu na ƙarshe, a ji tsoron sayar wa mutum ɗaya kaya ɗaya sau huɗu. Yanzu da faifan garmaho ya farfaɗo, har a 2022 ya zarce sidi yawan ciniki a Amurka karo na farko tun 1987, jarabar canza launin faifai a kira shi sabo ta ƙaru.

Wataƙila mai karatu ya ce mene ne haɗinmu da Memfis da Swansea. Haɗin shi ne wannan sana'a ta daɗe da isowa ƙofarmu. A 2001 kamfanin Strut na Landan ya fitar da kundin Nigeria 70. A 2008 kamfanin Soundway ya fitar da Nigeria Rock Special, cike da kiɗan rok da matasan ƙasar nan suka naɗa a daidai shekarun da Big Star da Badfinger ke nasu, zamanin da ɗaliban Kwalejin St Gregory ta Legas suka kafa ƙungiyar Ofege. A 2013 kamfanin Luaka Bop ya tallata William Onyeabor na Inugu ga duniya, a shekarar ce kuma kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kiɗan da Mamman Sani na Yamai ya naɗa a 1978. Masu tono sun san hanya, kuma babu abin da zai hana su ƙwanƙwasa ƙofar magadan Mamman Shata ko Ɗanmaraya Jos. Ranar da suka zo, tambayoyin da suka dabaibaye iyalan Pete Ham su ne za su taso: wa ke riƙe da uwar tef, wace takarda aka sanya wa hannu, kuma nawa ne kason gida?

Ni dai ina murna da duk lokacin da aka ceto kyakkyawan faifai daga ƙura, kuma ina shawartar duk mai sha'awar kiɗa ya nemi Radio City ko Straight Up ko One Year ya saurara da natsuwa. Amma kafin ya miƙa kuɗinsa, ya juya bayan kwalin ya duba ko an ambaci mawaƙin da magadansa cikin waɗanda aka yi shawara da su. Idan masu saye suka fara wannan tambaya, kamfanoni za su fara tanadin amsa. Ga lauyoyinmu kuwa, aikin da ke gabansu ya fi sauƙi a yau fiye da gobe: su zauna da iyalan mawaƙanmu, a nemo takardu, a rubuta wa ya mallaki me, tun tef ɗin na juyawa kuma shaidu na raye.